Wutar da Muka Hura Ba da Izinin Yaya Ba

Muhsinat 'yar yayana ce, Alhaji Ajimi mai shinkafa na unguwar Abbaganaram, kuma tun tana ƙarama na gane yarinyar nan ba za ta bar mutane su huta ba. Sauran yara in an aike su sai su ruga. Ita sai ta tsaya ta tambaye ka, wanda za ta kai wa saƙon in ya karɓa, shi kuma wa zai kai wa. Na sha korar ta daga gindin murhuna saboda tambaya. Da ta girma ta ce zanen gine-gine za ta karanta, uban ya yi dariya ya ce a bar ta, ai takarda ba ta cizo. Ta karanta, ta gama, ta sami aiki a ofishin wani ɗan kwangila. Ba ta daɗe ba rikicin yaran nan masu bindiga ya yi tsanani, mai ofishin ya kwashe iyalinsa ya yi Abuja, ya bar wa ma'aikata kwado a ƙofa. Wa zai yi gini a garin da kowa ke neman hanyar fita? Ta dawo gida da dogayen takardunta a naɗe da fensira kala-kala, ta zauna.

Sana'ar gidanmu shinkafa ce tun kafin a haife ta. Mukhtari, ɗan ƙanin babanmu, shi ke sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a hannun manoman Zabarmari. A kawo ta gidana a Bolori, ni Gumsu da matan da ke aiki a ƙarƙashina mu jiƙa, mu turara a duro, mu shanya. Daga nan sai rumfar inji a wajen Gamboru, inda Dzarma mutumin Biu yake casa. Abdulwahab, wan Muhsinat, shi ke sayarwa a kasuwa. Kowa da ɓangarensa. Amma akwai doka ɗaya da ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda ya taɓa takawa: ba a motsa komai sai Yaya ya gani ya ce a yi.

In Mukhtari ya ga shanshera mai kyau, sai ya ƙullo tafi guda a leda ya kawo zauren Yaya, ya cire takalmi, a yi gaisuwa irin tamu ta Barebari wadda ba ta ƙarewa, sannan ya miƙa. Yaya ya murza, ya duba, ya ce, “Bismillah, a saya.” Ni ma in shinkafa ta jiƙu, ban isa in hura wuta ba sai na aika masa ya taɓa. In ta bushe, sai ya gani kafin Dzarma ya kunna inji. Farashi kuwa ba a maganarsa. Kada ku ɗauka mugunta ce. Yayana ya san shinkafa fiye da yadda ya san 'ya'yansa, sunansa ne a bakin masu saye, kuma a wurinmu ka yi abu a dukiyar babba ba ka gaishe shi ka nemi albarkarsa ba, raini ne tsagwaronsa. Lokacin zaman lafiya abin bai dami kowa ba, don babur na kai ka Abbaganaram kafin shayinka ya huce.

Sai aka hana babura. Sai shingayen bincike suka cika gari, a sauke ka daga Keke Napep, ka ɗaga hannu sama ka taka da ƙafa. Sai dokar hana fita. A shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya kuma, abin ya kai maƙura. Inji ya wuni shiru, shinkafa ta yi tsami a ruwa, motar da za ta ɗauki kaya ta gaji da jira ta tafi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce rikici ne, Allah ya kawo sauƙi. Ni ma abin da nake faɗa ke nan.

Wata Juma'a Yaya ya tara mu ya ce ya gaji. Wani mutum daga Kano ya taya injin, zai zo bayan Babbar Sallah ya ɗauka, shi kuma zai rufe sana'ar ya zauna ya ja carbi. Nan take na tuna da matana. Matan da ke turare a gidana, yawancinsu daga ƙauyuka suka gudo, wasu an kashe mazajensu a gabansu, wasu har yau ba su san inda nasu suke ba. Abin da suke samu a gindin duron nan shi ne tuwon 'ya'yansu. In aka ɗauke injin, sai layin karɓar tallafi a sansani, kuma na san su, mata ne da gara su kwana da yunwa da su tsaya a wannan layin. Na ji haushin Yaya ƙwarai, amma ƙanwa ce ni, na haɗiye.

Abdulwahab ya ce shi ya san maganin abin: injin ne ya tsufa, a ci bashi a sayo sabo babba. Yaron nan komai ya lalace sai ya ce a sayo sabo, ko tsintsiya ce.

Muhsinat da ke bakin ƙofa ta ce, “Baba, ka ba ni izini in bi buhu ɗaya.”

“Ki bi shi ina?”

“Daga Zabarmari har hannun mai saye. Ba zan taɓa komai ba, kallo kawai zan yi.”

Yaya ya ce ta je ta kalla, tunda zaman gida ya ishe ta. Ta yafa lafayarta ta bi Mukhtari Zabarmari, a lokacin da ko maza sai sun yi addu'a suke hawa wannan hanya. Ta ɗaura jan ƙyalle a kunnen wani buhu, ta bi shi kamar akuyar da ta saya da kuɗinta. Ta zo gidana ta zauna a kan turmi tana damun matana da tambaya. Wa ke gaya muku an kawo kaya? In itace ya ƙare wa ake faɗa wa? Yanzu me kuke jira? Wannan ta ƙarshen ita ta fi yawan yi, kuma amsar kullum ɗaya ce, muna jiran ɗan aike ya dawo daga wurin Alhaji. A rumfar inji ma haka ta tarar da Dzarma, yana zaune a kan ɓuntu yana korar ƙuda, ga mai a inji, ga busasshiyar shinkafa a jibge.

Da ta gama sai ta zo ta shimfiɗa min doguwar takarda a tabarma, ta danne kusurwoyin da duwatsun murhu. Ta zana sana'armu kamar fulan ɗin gida. Ga ɗakin saye, ga ɗakin turare, ga na inji, ga na kasuwa. Baƙin layi shi ne hanyar da shinkafa ke bi, ja kuma hanyar da magana ke bi kafin shinkafar ta motsa. Ta ce wannan ilmi ne sukutum, ta karanta shi tun tana ofis: manyan kamfanoni har mutum suke ɗauka don ya zana musu yadda mutanensu da kayansu da labarinsu da na'urorinsu ke haɗuwa, kafin su rushe wani abu ko su sayi wani. A fara zana yadda gidan yake, sannan yadda ake so ya koma, sannan abin da za a fara taɓawa don kada rufi ya faɗo wa mutane.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Baƙin layin gajere ne, miƙaƙƙe. Jajayen kuwa sun cika takardar, daga kowane ɗaki sun fita sun nufi wuri guda kamar tururuwa da raminsu. Ba sai ta faɗa min wane wuri ba ne.

“Ya Gumsu,” ta ce, “buhun nan bai sha wahalar soja ba kamar yadda ya sha wahalar jira. Injin lafiyarsa ƙalau. Rikici bai karya mu ba, tsawaita mana hanyar zauren Baba ya yi.”

Na ce, “To ke ce za ki faɗa masa? Ni dai ba da bakina ba.”

“Ni zan faɗa. Ki dai zauna kusa da ni.”

Muka je da hantsi. Ta durƙusa ta gaishe shi da Barbarci, wushe wushe, kalewa, aka tambayi gida da gajiya da zafi har na fara ƙosawa. Sannan ta warware zane na farko ta yi bayani a hankali, kanta a sunkuye. Ta warware na biyu, na yadda take so sana'ar ta koma. A nan ɗakunan nan huɗu kowanne da ƙofa zuwa na kusa da shi. Mukhtari ya sayi abin da ya cika sharuɗɗan da Yaya zai gindaya. Ni in hura wuta in na ga ta jiƙu. A dawo da inji Bolori jikin katangata, shanya da casa su zama wuri ɗaya. Kowane ɗaki a sami mutum biyu da suka san aikinsa, saboda a garin nan mutum na iya fita da safe a neme shi a rasa. Ran Juma'a kowa ya zo ya faɗi abin da ya yi.

Yaya ya daɗe yana kallo. Ya bi layukan da yatsa har ƙarshen takarda, ya dawo.

“A wannan na biyun, ina nake?”

“Ga ka nan, Baba, a sama. Kai za ka koya mana, kai za ka kafa sharaɗi, ran Juma'a kuma...”

“Ran Juma'a,” ya ce. “Sauran kwanakin fa?”

Ta mai da idonta kan takardar. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, wannan shi ne aibinta.

Ya naɗe takardun da kansa, ya miƙa mata, ya ce karatu ya yi amfani, tunda har ya koya wa 'ya yadda za ta zana ubanta a wajen gidansa. Ya ce na Kano na nan zuwa, mu tashi mu ba shi wuri. A hanya ina ta faɗa, na zagi taurin kan Yaya, na zagi nata, na haɗa da mai Keken da ke bin ramuka. Ita ko idonta ya yi ja, amma da muka sauka sai ta tambaye ni faɗin filin da ke bayan katangata, wai tana son ta san ko inji zai zauna. Ban taɓa ganin mutum mai naci irin nata ba. Yaya ya daina amsa gaisuwarta sai da ka, ita kuma ba ta fasa zuwa ta durƙusa kullum ba.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Mukhtari ya kawo kaya masu yawa, wai na ƙarshe kafin a rufe. Muka jiƙa duka. Washegari da safe aka yi harbe-harbe a cikin gari, sojoji suka zagaye Abbaganaram, ba shiga ba fita. Muhsinat a gidana ta kwana, shi ya sa abin bai rutsa da ita ba. Wanda na aika da samfur ya dawo da ledarsa a hannu, ya ce ko kusa da unguwar ba a bari a je. Waya kuwa ta zama abin wasan yara.

Shinkafar da aka jiƙa ba ta san dokar soja ba. In lokacinta ya yi ba a turara ba, tsami za ta yi, ta yi wari, ko kaji su ƙi ta. Rana ta ɗaga, na tsoma hannu na murza, na san ta kai. Matan suka zauna jugum suna kallona, itace a jere a ƙarƙashin duro. Na haura shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ƙyasta ashana ba sai da kalmar Yaya.

Muhsinat ta ce, “Ya Gumsu, ta jiƙu?”

“Ta jiƙu.”

“Kin tabbata, ko sai an gaya miki?”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ke, tun ba a yi auren uwarki ba nake turara shinkafa.”

“To ki hura. In Baba ya yi fushi, ni na ce a yi. Dama fushin yake yi da ni.”

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, irin tsoron da ban ji ba ko da ƙarar bindiga. Na dubi wata Zainaba da ta gudo daga ƙauyensu da goyo da yara uku, ta ƙura wa duron ido. Na yi bismillah da bakina na ƙyasta. Hayaƙi ya tashi, matan suka miƙe kamar an kunna su. Muka turara, muka baza a tamfol. Da ta bushe, unguwar Yaya na nan a rufe. Muhsinat ta ɗauki Keke ta kai shinkafar Gamboru da kanta. Dzarma ya ce shi fa amana aka ba shi, ba zai kunna ba. Ta ce amanar shinkafa aka ba shi ko ta zama a kan ɓuntu? Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce to, in za a kore su a kore su tare, ya ja igiyar inji. Abdulwahab yana cikin waɗanda aka rufe, don haka buhunan suka dawo gidana, muka jera su a rumfa muna jiran hukunci.

Ranar da aka buɗe unguwar, ba mu muka je ba, shi ya zo. Rabon Yaya da taka gidana tun rasuwar mijina. Ya shigo da sandarsa, ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa. Ashe kwanakin nan duka bai iya cin abinci ba, yana lissafin kayan sun ruɓe a ruwa, har ya shirya abin da zai faɗa wa manoman Zabarmari. Ya tsaya ya ga buhuna a jere. Matan suka zube suna gaisuwa. Bai ko zauna ba ya ce a kwance ɗaya, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya kai wajen haske.

“Wa ya ce a hura wuta?”

Muhsinat ta buɗe baki, na riga ta. “Ni ce, Yaya. Ta jiƙu, na gani, na hura.”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya sake duban shinkafar.

“Turaren ya yi,” ya ce. “Shanyar ce kuka bari ta wuce kima, shi ya sa ga karyayyu nan. Ba wanda ya taɓa nuna muku yadda ake ganewa?”

“Wa zai nuna mana?” na ce. “Kai kaɗai ka sani, mu aikowa kawai muke yi.”

Na zaci zai tashi min. Sai ya nemi kujera ya zauna. Ya sa aka kawo masa ragowar shanshera busasshiya da wadda ba ta gama bushewa ba, ya ce matan su matso, da ni da Muhsinat. Ya nuna mana yadda ake murza ta a tafin hannu a saurari ƙararta, da yadda ƙwaya ke karyewa in ta sha rana da yawa. Ya sa kowace mace ta gwada, wadda ta kuskure ya ce ta sake. Har azahar yana abu ɗaya. Da zai tafi ya ce wa Abdulwahab, wanda ya rako shi, ya nemi direban da zai je Kano ya ba shi saƙo, a ce wa mutumin nan kada ya wahalar da kansa. Ya juya ga 'yarsa, bai kalli idonta ba, ya ce ta kawo takardarta ta biyu gobe, yana son ya ji wanne ake fara taɓawa.

Ba a rana ɗaya aka yi ba, kuma ba duka ne ya tafi yadda ta zana ba. Ɗauko injin daga Gamboru sai da ya ci mana rabin rani, don takardar izinin wucewa da shi kaɗai ta isa ta sa mutum furfura. Mukhtari ya yi ta noƙewa kafin ya yarda wani ya san manomansa. Muhsinat ta goge, ta sake zanawa, ta yi faɗa da kowa har da ni. Da sabis ya dawo, Abdulwahab ya ce to ai yanzu sai a koma yadda ake, a riƙa bugo wa Baba. Yaya da kansa ya ce a'a, wanda ya ɗauke sabis jiya bai yi rantsuwar ba zai sake ba. Matana ba wadda ta je layin sansani, har ƙari muka yi. Muhsinat ta yi aure, tana da 'ya'yanta, kuma yanzu masu niƙa da masu gidan burodi kan zo su ce ta zana musu nasu. Tana zuwa, ta zauna a kan abin da ta samu, ta fara damun mutane da tambaya.

Wata Talata da safe, bayan an dawo da injin, na biya ta Abbaganaram. Na tarar da Yaya shi kaɗai a zaure. An share, an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, ga butar shayi babba a kan gawayi da kofuna a jere a faranti, ba kowa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa gaisuwar da zan fara.

“Gumsu,” ya ce, “an kunna?”

“An kunna, Yaya, tun da sassafe.”

“Ba a jira ni ba.”

“Ba a jira ka ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Madalla,” ya ce. “Haka ake so.”

Ya ɗauki butar zai zuba min, shayin ya zuba a faranti. Na yi kamar ban gani ba. Ina da shanya tana jirana a Bolori, amma na cire takalmina na zauna, na sha kofi uku.